Shekarar da Auduga Ta Maƙale a Rariya

Abin da zan ba ku labarinsa ya faru ne damina biyu bayan rasuwar maigidana, Malam. Shi kuwa Malam ya rasu a shekarar nan da tsutsa ta shiga masara tun tana ƙarama, har manoma suka riƙa bin gona da toka suna zuba wa kowane kai. Idan kuna son ƙarin bayani, lokacin Saude, matar babban ɗana, tana goyon tagwayenta, kuma ba a kai ga kullen annoba ba, sai da shekara ta zagayo aka hana mu cin kasuwa. Ni ban yi boko ba, da irin wannan nake riƙe shekaru, kuma ban taɓa ɓata ba. 'Yata Binta ce ke riƙe da alƙalami, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara min baki. Dalilin da ya sa na ce a rubuta shi ne, har yau akwai masu cewa Hajiya Delu ta hana kyanwar mijinta abinci bayan ƙasa ta rufe idonsa. Jikata ta cikina ta jiyo maganar a gidan biki ta kawo min. To ku zauna ku ji daga bakin mai ita.

Sunan kyanwar Auduga. Malam ya kai audugarsa Funtua wurin masu awo, sai ya ji kuka a tsakanin buhuna, ya duba ya ga 'yar kyanwa fara sol, ko tafin hannu ba ta cika ba. Ya saka ta a aljihun rigarsa ya hau babur ya taho da ita. Da ya fito da ita a tsakar gida na ce, Malam, ka tafi sayar da auduga ka dawo mana da wata mai ƙafa huɗu? Ya yi murmushi, sunan kuma ya zauna. Ta tashi siririya, mai tsalle, ɓera bai isa ya kwana a rumbunmu ba. Irin shukarmu na masara da wake da waken suya ita ke gadinsa. Malam ba mai yawan magana ba ne, amma in ya zauna cin abinci sai ya fara yago 'yar tsoka ya ajiye mata a gefen tabarma, yana ci suna hira ƙasa-ƙasa. Da ciwo ya kwantar da shi, a ƙafafunsa take kwana. Ana saura kwana kaɗan ya cika, ya dube ta, ya dube ni, ya ce:

"Delu, ga wannan baiwar Allah nan. Ba ta da baki. Ki zama bakinta."

Na ce na karɓa. Ku riƙe wannan, domin duk abin da na yi daga baya daga nan ya taso.

Bayan rasuwa aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Gida ya cika da waina da gumba da tuwon maƙwabta. Auduga kuwa ta je ta kwanta a kan buzun sallar Malam tana kuka, duk wanda ya shigo gaisuwa ya gan ta sai zuciyarsa ta karye. Sai ya gutsiri abin da ke hannunsa ya ajiye mata, ya ce Allah ya kai ladan kabarin Malam. Daga nan abin ya zama al'adar unguwa. An gama zaman makoki, amma sadakar Auduga ba ta ƙare ba. Mahaucin unguwarmu, wanda Malam ya taɓa shiga tsakaninsa da surukansa, kullum sai ya aiko da kitse. Bafillatanar da ke kawo mana nono sai ta tsiyaya mata a murfin kwano, har da ɗan man shanu a sama. Saude ta ba ta tuwo da miya. Wadda ta fi kowa ita ce Yaya Tabawa, yayar Malam uwa ɗaya uba ɗaya, wadda gidanta ke manne da namu, don da ma gida ɗaya ne na gado aka raba da katangar ƙasa. Ita kowace safiya waina take soya mata ta musamman, tana ɗigar mai.

Ni kuwa, ku sani, daga nan har Malumfashi in ana maganar turka, sunana ake fara kira. Nakan sayi rago ƙashi da fata, in ɗaure shi a turke, in bi shi da dusa da harawa da angurya da ɗan kanwa, kafin babbar salla sai maza biyu sun kama shi ake ɗora shi a mota. Idona ya saba ganin ƙiba alheri ce. Da na ga Auduga tana cika tana batsewa, na ce madalla, amanar Malam tana kyau. Mata su shigo su ce, Hajiya, hannunki akwai albarka, har kyanwa kin turke. Ba ni kaɗai ba, duk garin babu wanda ya ga aibu. Ta daina hawa rumbu, muka ce girma ne. Ta kasa juyawa ta lashi bayanta har gashin wurin ya dunƙule, muka ce lalaci ne. Ɓera ya wuce ta gabanta da ƙwayar masara a baki, ta bi shi da ido kawai, yara suka yi ta dariya.

Sai ranar ruwan nan. Bayan la'asar ne, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, kafin mu gama kwashe shanya ruwa ya sauko kamar ana juye randa. Duk ruwan tsakar gidanmu ta wuri ɗaya yake fita, ta rariyar da ke gindin katangar da ke tsakaninmu da Yaya Tabawa, ya bi ta bayan gidanta ya faɗa lungu. Rannan sai muka ga ruwa ya ƙi tafiya. Ya kai idon sawu, ya fara leƙa ɗakuna. Saude ta ɗauki muciya ta tafi ta zungure rariya, tana zaton tsumma ne ya toshe. Sai na ji ta ƙwala kira:

"Inna, ki zo, Auduga ce."

Ashe tana gidan Yaya tana cin waina aka yi tsawa, ta firgita, ta nufo gida ta hanyar da ta saba bi tun tana siririya. Kai ya wuce, ƙafafun gaba suka wuce, ciki ya ce sam. Ta toshe rariya tsaf kamar an auna ta, kanta yana ɓangarenmu, ruwa kuma ya kai mata haɓa yana neman hanci. Ban san lokacin da na durƙusa cikin ruwan ba. Na tallabe kanta da hannu biyu na ɗaga sama. Saude ta kama kwasar ruwa da ƙwarya tana watsawa waje ta zaure. Ta can ɓangaren ina jin Yaya Tabawa tana salati tana zuba wa ƙugun Auduga man gyaɗa wai ko za ta sulɓe. Aka kira Alhaji Tanko, ƙanin Malam, abokin wasana tun ina amarya. Ya zo da diga, ya leƙo ta saman katanga ruwa yana zuba daga gemunsa.

"Matarmu, wannan in an fito da ita layya za a yi ko sai an kai ta kasuwar Funtua?"

"Kai dai sari katanga. In bakin digar nan ya taɓa ta, gemunka zan tsige ɗaya-ɗaya."

"To riƙe ta da kyau, kada ta tafi da ginin gaba ɗaya."

Ya sari ƙasa a hankali har ramin ya buɗe, ruwa ya yi wuf ya tafi, Auduga ta zo hannuna kamar buhun gari da ya jiƙe. Na naɗe ta da zanena na kai ta gindin murhu. Abin da na gani a nan shi ya tayar min da hankali, ba ruwan ba. Ta kwanta baki buɗe, harshe waje, ƙirjinta yana sama da ƙasa kamar zugazugin maƙeri, har aka yi magariba bai lafa ba. Na taɓa ganin rago ya yi irin wannan numfashi a shekarar da zafi ya yi yawa, kuma bai kai salla ba. Na ce a raina, Delu, rago ana turke shi ne don a yanka. Wannan kuwa an ce ki raya ta.

Da ta ɗan farfaɗo na saka ta a kwando na rufe da zane, na ce Alhaji Tanko ya raka ni Funtua wurin likitan dabbobi. Yaron motar ya ɗaga kwandon ya ce, Hajiya, akuya a bayan mota ake sa ta. Mai keken da ya ɗauke mu daga tasha ya leƙa ya ce bai taɓa ganin irinta ba, ko daga ƙasar waje aka kawo ta. Ni dai ban kula su ba. Likitan saurayi ne, mutumin wajen Dandume, mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni kafin ya taɓa kwandon. Ya ɗora ta a sikeli, ya duba, ya sake dubawa. Ya sa yatsu yana neman haƙarƙarinta bai samu ba.

"Hajiya, kyanwa biyu ce a cikin fata ɗaya. Zuciyarta tana aikin da ya fi ƙarfinta, gwiwoyinta ma haka. In aka ci gaba, ciwon suga zai kama ta, ko numfashin ya tsaya rana ɗaya."

Alhaji Tanko ya ce, "Ai da sauƙi. A kulle ta a ɗaki mako guda ba ci, sai ruwa."

"Alhaji, wannan ya fi ƙibar saurin kashe ta. Kyanwa mai ƙiba in aka yanke mata abinci gaba ɗaya, kitse ke taruwa a hantarta, ta mutu. A hankali ake saukewa, wata da watanni. Kada ta wuni ba ta ci ba ko sau ɗaya. In kuma ta ƙi ci da kanta, ku kawo ta nan da nan."

Ya ce a daina waina da tuwo da kitse, har nono ma a daina, wai cikin babbar kyanwa ba ya son sa. Wannan ya ba ni mamaki, shekara sittin da wani abu ina ganin ana ba kyanwa nono. Ya ce tsoka marar kitse, da kifi, da ɗan kayan ciki jefi-jefi, a dafa ba gishiri ba yaji, kaɗan-kaɗan sau da yawa, ruwa kuma kada ya yanke. Ya nuna min gwargwadon abin da za ta ci a wuni. Ya ce kuma dole ta motsa. Yana faɗa wani abu ya haska a kaina, har na miƙe tsaye.

"Ɗana, ka san turka?"

"Na sani, Hajiya."

"In ina son rago ya yi kitse, wuri ɗaya nake ɗaure shi, in kai masa abinci har bakinsa, kada ya yi taku ko ɗaya. To wannan sai in juya aikin. Abinci ya yi nisa, ita ta bi shi."

Ya ce haka ne daidai, in dai ba na gaggawa. Na fito daga wurin nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa don ɗoki. Aiki ne na hannuna, na san shi ciki da waje, juya shi kawai zan yi kamar riga.

Ina isa gida na tara kowa na kafa doka: daga yau babu mai ba Auduga ko ƙwayar shinkafa sai ni. Washegari na yafa mayafi na bi gida-gida. Mahauci bai yi musu ba, ya ce zai musanya kitsen da 'yar tsoka. Mai nono ta ɓata rai, ta ce ita don Malam take yi ba don ni ba, amma ta daina. Na bar gidan Yaya Tabawa a ƙarshe, don na san a nan wuyar take. Na same ta tana juya waina a tanda. Na gaishe ta, na faɗi abin da likita ya ce. Ba ta ɗago ba sai da ta kwashe wainar.

"Delu, ƙanena ne kafin ya zama mijinki. Ni na goya shi. Yanzu ke ce za ki hana ni yi masa sadaka?"

"Yaya, ba sadaka na hana ba. Sadakar ce ke neman kashe ta."

"Abinci ne ke kisa? Tun da nake ban taɓa ji ba. Kin dai san abin da malamai ke faɗi a kan macen da ta hana kyanwa abinci. Ki je ki yi, kabarinki daban nawa daban."

Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane nauyin abin da ya biyo baya ba. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan, kowane dare kwanon tuwona yana shiga gidan Yaya, nata yana shigowa namu. Haihuwa, rasuwa, yunwa, faɗan yara, babu abin da ya taɓa tsayar da kwanon nan. Rannan na aika, aka dawo min da shi a rufe yadda ya tafi. Nata kuma bai zo ba. Magana ta fita gari. In na shiga gidan suna sai hira ta yi ƙasa. Wata ta ce min a fuska, Hajiya, in abincin ne ya yi wuya ki aiko mana ita. Ita kuma Auduga ba ta taimake ni ba, da asuba sai ta zauna a tsakar gida ta yi ta rusa kuka kamar ana yanka ta, duk maƙwabta suna ji. Na kan shiga ɗaki in toshe kunne. Amma ban ƙara mata ko loma ba.

Na raba abincinta da lokutan salla, ɗan ludayi bayan asuba, bayan azahar, bayan la'asar, bayan magariba. Ban taɓa ajiye shi wuri ɗaya sau biyu ba. Yau a bakin zaure, gobe a bayan rumbu, jibi a kan kututturen da muke faskare. Na ɗaure gashin zakara a bakin karan dawa ina ja a ƙasa ina zagaya tsakar gida, ni da na je Makka na dawo, ina mus-mus kamar yarinya. Farkon abin, hannu ɗaya take miƙowa tana kwance. Na kuma haɗa ma'aunina, tun da ba kullum zan je Funtua ba. Na rataye tsohuwar taɓarya a reshen darbejiya ta tsakiyarta, na sa ragaya biyu a bakunan, ƙwarya a kowace. Auduga a ɗaya, masara a ɗaya, na yi ta zubawa har suka daidaita. Tiya uku ta ci har da ɗori. Na ɗaure masarar nan a buhu daban, na ce kowace Juma'a za mu gwada, ranar da ɓangarenta ya ɗaga zan ɗebe masara.

Juma'a ta zo, taɓarya ba ta motsa ba. Wata Juma'ar ta zo, haka. Wata guda ya wuce har da ɗoriya, ni ina ramewa don zagaye, Auduga tana nan yadda take. Alhaji Tanko ya ce a gwada ɗora ni a ƙwaryar, wataƙila a nan za a ga aiki. Na yi dariya, amma numfashin nan nata bai canja ba. Sai wata rana da hantsi Saude ta ɗago haɓar kyanwar ta ce:

"Inna, dubi gashin bakinta. Kifinmu ba shi da mai."

Gashin baki yana ƙyalli. Na shinshina, man gyaɗa ne. Wurin da Alhaji Tanko ya fasa a katanga ba a gina ba, zana aka jingina ana jiran ruwa ya ɗauke. Na ɗauki ludayin awo, na zagaya ta zaure na shiga gidan Yaya. Na yi sallama ba ta ji ba, kunnenta ya fara nauyi. Na same ta a bayan ɗaki zaune a ƙasa kusa da zanan, Auduga ta zuro kai, ita kuma tana gutsura waina tana ba ta a baki tana magana. Ba da kyanwar take magana ba. Tana kiran Malam da sunansa na yarinta, wanda ni ba zan faɗa ba, tana gaya masa gwiwarta ta matsa mata, masarar gonar fadama ta yi kyau bana, ɗan wane ya yi aure. Na zo da faɗa a bakina, sai na ji ya narke. Na zauna kusa da ita a ƙasa. Ta gan ni, ta ɓoye wainar a bayanta kamar yarinya, sannan ta tuna ita ce babba ta fito da ita.

"To kin kama ni. Sai ki kai ni wurin alƙali."

"Yaya, ranar ruwan nan ke kika riƙe ƙafafunta, ni na riƙe kai. Ke ba ki ga idonta ba, ni na gani. In ta mutu, wa za ki riƙa ba labarin gwiwarki?"

Ta ce, "Ba ni da abin da zan ƙara yi masa, Delu. Ke kina da ɗakinsa, da 'ya'yansa. Ni wannan kaɗai ta rage min."

"To ki ci gaba da ba ta. Ga ludayi. Na azahar da na la'asar daga hannunki za ta ci, ni na bar miki. Amma kifi ne da tsoka, kuma iyakar ludayin nan. Ramin nan za a gine shi. In tana son ki, ta zagayo ta zaure da ƙafarta."

"Ta zagayo? Ai kafin ta iso an yi isha'i."

"Ko da asuba ta iso, ta dai iso."

"Wainar fa?"

"Ki soya a kai wa tsofaffin unguwa, su da za su yi masa addu'a da baki."

Muka yi ta ciniki kamar a kasuwa, har muka tsaya a kan cewa ranar Juma'a za ta ba ta waina gwargwadon farcen babban yatsa. Na san farcen Yaya yana da faɗi, amma na bari. Ta karɓi ludayin ta juya shi ta ce ƙarami ne kamar zuciyar mai shi. Kwanon tuwo bai dawo ba, amma ta karɓa.

Washegari aka gine ramin, aka bar wa ruwa 'yar hanyarsa. Da azahar Yaya ta tsaya a bayan katanga tana kira, ƙamshin kifi yana tasowa. Auduga ta je gindin katanga ta yi kuka, ta ga babu hanya. Na sa gashin zakara a gaba, ta biyo ni. Daga tsakar gidanmu zuwa zaure, zuwa lungu, zuwa zauren Yaya, mai lafiya kafin ya gama amsa sallama ya isa. Mu sai da muka yi zango a hanya kamar fatake. Unguwa ta fito kallo. Alhaji Tanko ya samo tsohon galan yana kaɗawa yana mata kirari, wai giwar gidan yayansa ta fito rangadi. Na ce ya kauce kada ta taka shi. Haka muka yi ta yi, zuwa biyu dawowa biyu kowace rana. Bayan ɗan lokaci ta daina zango. Bayan wani lokacin ta daina jirana.

Juma'ar da taɓarya ta fara karkata ba zan manta da ita ba. Na saka Auduga a ƙwarya, na saki hannu, sai na ga ɓangaren masara ya yi ƙasa a hankali, nata ya ɗaga. Na ce Saude ta zo ta duba ko idona ne. Ta ce ba idona ba ne. Na sa hannu na ɗebi masara cikin tafi ɗaya, suka daidaita. Tafi ɗaya tak, amma na rangaɗa guɗa irin wadda rabona da ita tun auren Binta, har maƙwabta suka aiko tambaya ko haihuwa aka yi. Daga nan kusan kowace Juma'a sai na ɗebi wani abu. Wani makon babu, wani makon tafi biyu. Ban yi gaggawa ba, na riƙe maganar likita. Ta fara lasar bayanta, gashin ya kwanta ya koma fari. Ta fara kai wa gashin zakara cafka da hannu biyu. Numfashin nan na zugazugi ya tafi, ban ma san ranar da ya tafi ba, sai dai na lura na daina tashi ina saurarenta.

Damina ta wuce, aka yi kaka, aka yi rani, sai da wata kakar ta kusa sannan aikin ya kammala. Kusan tiya guda da rabi na ɗebe daga buhun nan. Ranar da nake son ku riƙe, an shigo da masara an jibge buhuna a jikin katanga, muna zaune ni da Saude muna ɓarza. La'asar ta yi, Yaya ta fara kira daga can. Auduga ta tashi ta yi miƙa, ta nufi zaure yadda ta saba. Sai ta tsaya. Ta juyo ta dubi katanga. Na kama hannun Saude na ce kada ta motsa. Ta ɗare turmi, daga turmi ta hau buhu, ta tattara jikinta, ta karkaɗa ƙugu, sai ga ta a saman katanga, tsaye, wutsiya a sama, rana tana dukan farin gashinta. Daga can ɓangaren na ji ludayi ya faɗi a ƙasa. Sai muryar Yaya:

"Delu, kina gani?"

"Ina gani, Yaya."

"Tun yana raye rabon da in gan ta a nan."

Daren nan bayan magariba aka yi sallama, sai ga kwanon Yaya, tuwon dawa da miyar kuka, da man shanu a sama har yana malala. Na ci ina hawaye, na kuma ce a gaya mata gishiri ya yi yawa, don kada ta ɗauka ta ci nasara. Da na mayar da Auduga Funtua, likita ya sa yatsu ya ji haƙarƙari a ƙarƙashin fata, ya ce ta isa haka, kada a ƙara ragewa, a riƙe ta a nan. Ya tambaye ni yadda na yi, na ba shi labarin taɓarya da ragaya, ya ce zai gaya wa masu kawo masa irin wannan daga ƙauye.

To wannan shi ne abin da aka yi. Duk wanda ya ce muku na hana kyanwar Malam abinci, ku ce masa ba ta taɓa wuni da yunwa ba, ludayi huɗu take ci, biyu a hannuna biyu a hannun yayarsa. Yaya Tabawa ta riƙe ludayin nan har shekarar da ta rasu, bara waccan da azumi, Allah ya ji ƙanta ya haɗa ta da ƙanenta a aljanna. Mahaucin ma ya riga mu gidan gaskiya. Mai nono sun tashi sun koma kudu da shanunsu, ban san ko tana raye ba. Likitan an ce an mayar da shi wajen Matazu. Cikin waɗanda suka tsaya a ruwan nan rannan, saura ni, da Saude, da Alhaji Tanko, wanda yanzu sai da sanda yake zuwa ya tsokane ni, sai kuma ita Auduga. Ta tsufa, haƙori ɗaya ya faɗi, tana kwance a kan ƙafata yanzu haka da Binta take rubutu. Kuma duk cikinmu ita kaɗai ce har yau take iya haura katanga.